Fankar lagireton kwamfuta: yadda ake samun sanyi ba tare da ƙara ba

A kwamfutar da ake sanyayawa da ruwa, ruwan ɗan aike ne kawai. Yana ɗaukar zafi daga kan furosesa ko katin hoto, famfo ya kora shi ta cikin tiyo zuwa lagireto, ya sauke kayansa a can ya dawo. Mai kwashe zafin daga jikin lagireto zuwa cikin ɗaki iska ce, mai kawo iskar kuma fanka. Shi ya sa mutum zai iya sayen famfo mai kyau da lagireto na tagulla, amma ya ƙare da na'ura mai damun kunne ko mai zafi, don kawai bai kula da fankokin da ya ɗaura ba.

Aikin fankar lagireto ya fi na fankar bangon akwatin kwamfuta wuya, saboda akwai shinge a gabanta. Lagireto jerin siraran bututu ne da ruwa ke bi, an cusa ganyayen ƙarfe a lanƙwashe a tsakaninsu kamar saƙar zuma. Ana auna cunkoson saƙar da yawan ganyaye a inci ɗaya, shi ne ake rubutawa FPI. Mai 8 zuwa 12 sakakke ne, iska tana ratsa shi a sauƙaƙe. Daga 20 zuwa sama saƙar ta matse, sai an tura iska da ƙarfi. Kauri ma yana ƙara wahala. Na'urorin da ke zuwa a haɗe daga kamfani, waɗanda ake kira AIO, yawanci lagiretonsu milimita 27 ne, wasu 38, na haɗin hannu kuwa akwai 30 da 45 har 60. Lagireto mai kauri da matsattsiyar saƙa yana iya fitar da zafi mai yawa, amma sai fanka tana gudu sosai. Idan shiru ake nema, siriri ko matsakaici mai sakakkiyar saƙa shi ya fi dacewa, domin a ƙaramin gudu iskar da ta shiga mai kauri tana gama ɗumama kafin ta kai rabin hanya, sauran kaurin sai ya zama cikas kawai.

Lambobin da ke jikin kwali

Kowace fanka tana zuwa da lambobi biyu da ake talla da su. Na farko yawan iska, ana rubuta shi da CFM ko da kubik mita a awa. CFM ɗaya ya kai kusan kubik mita 1.7 a awa. Na biyu ƙarfin turi, wato matsin da fankar ke iya yi, ana auna shi da tsayin ruwan da matsin zai ɗaga, a milimita. Shawarar da aka saba ji ita ce a nemi mai babbar lambar turi a sa wa lagireto. Shawarar tana da gaskiya, amma rabin gaskiyar ce, kuma rabin da ta bari shi ya fi muhimmanci.

Ana auna mafi yawan iska ne lokacin da babu komai a gaban fankar, ba lagireto, ba raga. Mafi ƙarfin turi kuma ana auna shi ne bayan an toshe hanya gaba ɗaya, iska ba ta wucewa ko kaɗan. Fankar da ke kan lagireto ba ta taɓa aiki a ko ɗaya daga waɗannan wurare biyu. Tana wani wuri ne a tsakani, inda ƙarfinta ya yi daidai da taurin kan lagireton. Idan aka zana layin da ya haɗa waɗannan iyakoki biyu, ba miƙaƙƙe ba ne. A fankoki da yawa yana lotsawa a tsakiya, domin a nan iska take fara ɓallewa daga bayan fuka-fukai ta riƙa hautsinewa, turi ya ragu, ƙara ta ƙaru. Fankoki biyu suna iya yin lambobi iri ɗaya a kwali, ɗaya tana da cikakken layi a tsakiya, ɗaya kuma lotsattse. A kan lagireto bambancinsu zai fito fili.

Fankoki biyu na kamfanin Noctua sun isa misali. NF-F12 an rubuta mata turin milimita 2.61 a juyi 1500 a minti. NF-A12x25 da ta fito a 2018 an rubuta mata 2.34 kacal, duk da cewa tana kai juyi 2000. Wanda ya bi lamba zai ɗauki ta farko. Amma idan aka daidaita su a ƙara ɗaya a kan lagireto, ta biyun ce ke wucar da iska fiye da 'yar'uwarta, saboda ƙarfinta yana tsakiyar layin, wurin da ake aikin.

Saboda haka gwajin da ya cancanci a nema kafin saye shi ne wanda aka yi a kan lagireto na gaske, aka saita kowace fanka har ƙararta ta yi daidai da ta sauran, sannan aka auna iskar da ta wuce ko zafin ruwa. Gwajin da aka sake wa kowace fanka linzami har ƙarshen gudunta ba ya nuna komai sai wadda ta fi sauri.

Lambar ƙara da ke kwali ma haka take. Wani kamfani yana aunawa daga mita ɗaya, wani daga wani nisa daban, wani a ɗaki na musamman da ke shanye amo, kuma kusan duka suna aunawa ne ba tare da lagireto ba. Ninka nisa kaɗai yana rage kusan desibel 6, desibel shi ne ma'aunin ƙara. Ana iya kwatanta lambobin fankoki biyu na kamfani ɗaya, amma tsakanin kamfani da kamfani kwatancen ba shi da tushe.

Abin da ido zai iya gani a jikin fanka

Farko a duba ratar da ke tsakanin bakin fiffike da firam. Idan fanka tana tura iska cikin shinge, matsin gabanta ya fi na bayanta, iska kuma tana neman kowace kafa ta koma baya. Babbar kafar ita ce wannan rata. A yawancin fankoki ta wuce milimita ɗaya, saboda roba tana miƙewa a hankali da zafi da juyi na shekaru, idan an matse ratar wata rana fiffike zai fara goga firam. Fankokin da suka matse ta, kamar NF-A12x25 mai rabin milimita, da wata roba mai tauri ake yin fuka-fukansu, ana kiranta LCP, wadda ba ta miƙewa da sauƙi. Tsadar irin waɗannan fankoki daga nan take, kuma a kan lagireto tsada ce mai dalili.

Na biyu firam. Wanda ya dace da lagireto shi ne mai kusurwa huɗu cikakku, da zai kwanta daram a kan bakin lagireton. Fankoki masu zagayayyen firam ko masu yankakkun kusurwoyi suna barin ƙofofi a gefe, iskar da aka tura ta fita ta nan ta sake zagayowa baya. Wasu kamfanoni suna haɗawa da gaskit na roba don toshe wannan. Idan babu, siririn soso mai gam yana yin aikin. Fankoki masu zoben fitila a firam sukan rasa wani abu: zoben yana cin wuri, sai fuka-fukan su gajarta, fanka mai suna 120, wato mai faɗin milimita 120, ta koma tana share fili kamar ƙarama. Akwai masu fitila da aka ƙera da kyau, amma a auna faɗin fuka-fukan da ido kafin a yarda.

Na uku kauri. Ma'aunin da aka saba milimita 25 ne. Siraran masu milimita 15 don matsattsun akwatuna aka yi su, kuma sai sun yi gudu sosai kafin su kamo masu 25, saboda haka a guje su idan akwai wuri. Akasin haka, masu milimita 30 kamar Phanteks T30 suna samun fiffike mai zurfi da ke kama iska da yawa a juyi ɗaya. Sai dai milimita biyar ɗin nan sukan ci karo da katin ƙwaƙwalwa ko da ƙarafan sanyaya da ke saman madabod, babban allon da kayan kwamfuta ke haɗuwa a kai, idan lagireton yana rufin akwati. A sa ma'auni a auna kafin a saya.

Tsakanin fanka mai faɗin milimita 120 da mai 140 kuwa, lagireton ne ke yanke hukunci, tunda ramukan sukuru ba ɗaya ba ne. Amma ga wanda bai sayi lagireto ba tukuna, lissafin fili yana da amfani: mai tsawon milimita 240 yana da murabba'in milimita 28,800, mai 280 yana da 39,200, mai 360 yana da 43,200, mai 420 kuma 58,800. Ka ga ashe 280 mai fanka biyu ya kusa kamo 360 mai fanka uku.

Gudu shi ne tushen ƙara

Akwai ƙa'idoji uku da duk fanka ke bi. Yawan iska yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: ninka gudu, iska ta ninka. Turi yana tafiya da gudu sau kansa: ninka gudu, turi ya ninka huɗu. Ƙara kuwa tana hawa da kusan desibel 15 a duk ninki ɗaya. Kunnen mutum yana jin ƙarin desibel 10 kamar an ninka ƙarar biyu, don haka 15 abu ne babba.

A juya lissafin ta ɗaya gefen. Fankar da aka sauke daga juyi 1800 zuwa 1200 tana riƙe kashi biyu cikin uku na iskarta, amma ƙararta ta faɗi da kusan desibel 9. Ƙara yawan fankoki kuma ba ya tsada a kunne kamar ƙara gudu: biyu iri ɗaya sun fi ɗaya da desibel 3 kawai, uku sun fi ɗaya da kusan 5. Ɗauki fankoki uku a juyi 1200 a kan lagireto ɗaya, ka kwatanta da shida a juyi 800 a kan lagireto biyu. Shidan sun fi ukun iska da kashi ɗaya cikin uku, kuma sun fi su shiru da kusan desibel 6. Wannan shi ne dalilin da ya sa mafi arhar hanyar samun shiru sau da yawa ƙarin filin lagireto ce. Fanka mafi tsada a kan lagireton da ya yi wa aikin kaɗan dole ta yi gudu, mai gudu kuma dole ta yi ƙara.

Ana iya ƙiyasta iskar da ake buƙata. Kubik mita ɗaya na iska a awa yana ɗauke kusan sulusin wat a duk digiri ɗaya da ya ɗumama. A ce furosesa da katin hoto suna zuba wat 300 cikin ruwa, kuma iskar tana fita daga lagireto da ƙarin digiri 8. Ana buƙatar kusan kubik mita 112 a awa, wato wajen 37 ga kowace fanka idan uku ne. Fankar 120 mai kyau an rubuta mata kusan 100 a fili a ƙarshen gudunta, amma bayan lagireto da ragar ƙura sun ci rabonsu, kuma an sauke gudun zuwa rabi, abin da ya rage ba ya nisa da 37 ɗin nan. Idan zafin ya kai wat 500 a kan lagireton 360 guda ɗaya, babu fankar da za ta riƙe shi a shiru, sai dai a yarda ruwan ya yi zafi sosai.

Desibel ba ya faɗin irin ƙarar. Shuuu ɗin iska mai laushi kunne yana saba da shi ya manta. Ƙugi mai amo ɗaya ko ƙyas-ƙyas na injin fanka, ko da ya fi shi ƙanƙanta a na'urar awo, shi ke hana mutum sakewa. Amon fuka-fukai ana lissafa shi: juyi a minti a raba da 60 a ninka da yawan fuka-fukai. Mai fiffike 9 a juyi 1200 tana ba da amo a wajen bugu 180 a daƙiƙa. Idan wannan amo ya dace da wanda firam ko bangon akwati ke amsawa, sai ƙugi ya tashi a wani ɗan zangon gudu ya ɓace da an wuce shi. Arctic P12, wadda ta yi suna wajen aiki mai kyau a farashi mai sauƙi, an san ta da irin wannan ƙugi a kusa da juyi 1000. Wannan bai hana ta zama zaɓi mai kyau ba, ana dai saita ta ne ta zauna ƙasa ko sama da wurin. Akwai kuma wuu-wuu mai hawa da sauka da ke fitowa idan fankoki biyu maƙwabta suna gudu kusa da juna amma ba daidai ba. Ana magance shi da raba gudun nasu da gangan, a bar tazarar juyi hamsin zuwa ɗari.

Boris ɗin da sandar fanka ke juyawa a kai shi ke ƙayyade yadda za ta yi bayan shekara biyu. Mafi arha shi ne na hannun riga, sanda cikin bututu da ɗan mai. Yana shiru da farko, amma man yana bushewa, kuma ya fi saurin lalacewa idan fankar tana kwance kamar a lagireton rufi, inda zafi ma ya fi taruwa. Mai ƙwallaye biyu yana daɗewa kuma bai damu da kwanciya ko tsayuwa ba, sai dai yana da ɗan sautin gurza da ake ji a ƙaramin gudu. Wanda ya fi dacewa da mai neman shiru shi ne mai matsin mai, FDB, inda wasu tsagogi ke tara mai ya ɗaga sandar ba ta taɓa ƙarfe, ko kuma wanda maganaɗisu ke riƙewa. Sunayen talla suna da yawa a wannan fanni, tsawon garantin da kamfani ya bayar ya fi su faɗin gaskiya.

Waya da saiti

A sayi fanka mai fil huɗu, wato PWM. Mai fil uku ana rage mata gudu ne ta rage ƙarfin wuta daga volt 12, kuma ƙasa da wani mataki ba ta iya tashi. Mai fil huɗu tana samun volt 12 cikakke kullum, fil na huɗu ne ke aika mata umarni da sigina mai bugu kusan 25,000 a daƙiƙa, shi ya sa take iya sauka ƙasa sosai ba ta tsaya ba. A duba mafi ƙarancin gudun da aka rubuta, domin a nan fankar za ta shafe yawancin rayuwarta. Wadda ke sauka zuwa juyi 300 ko 400 ta fi wadda ba ta ƙasa da 800, ko da ta biyun ta fi ƙarfi a sama. A cikin BIOS, shafin saitin madabod, kuma a tabbata soket ɗin yana kan PWM. Idan yana kan DC, wato saitin rage ƙarfin wuta, alhali fankar mai fil huɗu ce, za ta yi aiki amma zangon gudunta zai ƙuntata, idan kuma mai fil uku ce aka bar soket a PWM, za ta yi ta gudu a ƙarshe ba ta sauka.

Yawancin soket ɗin fanka a madabod amfiya ɗaya suke ɗauka, littafin madabod zai faɗi takamaimai. Fankar 120 ta yau da kullum tana jan tsakanin 0.1 da 0.2, don haka uku a waya mai rassa ba matsala. Masu juyi 3000 da masu fitila da ke shan wuta ta soket ɗaya sun fi haka, kuma kowace fanka tana fizgar wuta fiye da ƙa'idarta a lokacin tashi. Daga huɗu zuwa sama gara a sa akwatin rarraba wuta mai ɗauka kai tsaye daga wayar SATA ta akwatin ba da wutar kwamfuta, ya karɓi umarni kawai daga madabod. A irin wannan haɗi fanka ɗaya ce ke ba da rahoton gudunta, saboda haka idan wata ta mutu manhaja ba za ta sanar ba, sai an leƙa. Kada kuma a gauraya fankoki iri daban-daban a reshe ɗaya, domin umarnin kashi 40 cikin ɗari yana iya zama juyi 700 ga wannan, 1200 ga waccan.

Kuskuren da ya fi yawa, kuma wanda ya fi sa mutane zargin fankoki masu kyau, shi ne ɗaure gudunsu da zafin furosesa. Furosesa tana iya tsalle da digiri 20 cikin daƙiƙa ɗaya don an buɗe wani shafi, ta sauko nan take. Ruwa ba ya haka. Lita ɗaya da ake zuba wa wat 300, ko da babu sanyaya ko kaɗan, digiri huɗu da ɗoriya kawai take hawa a minti. Fanka ruwa take sanyayawa, don haka idan ta zabura saboda tsallen furosesa ba ta tsinana komai sai ƙara, kuma kunne ya fi lura da ƙara mai hawa da sauka fiye da mai tsayawa wuri ɗaya.

Gyaran shi ne a ɗaure fankoki da zafin ruwa. Wasu AIO suna da ma'aunin a ciki. A haɗin hannu ana ɗaura ɗan toshe mai ma'aunin zafi a ramin G1/4, irin ramin da ake ɗaura bakin tiyo, a kai wayarsa mai fil biyu soket ɗin ma'auni a madabod ko na'urar sarrafa fanka. A ɗaki mai digiri 22 zuwa 25 ana iya farawa da haka: ruwa ƙasa da digiri 30, gudun fanka kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, a 35, kashi 45, a 40, kashi 65, a 45, duka. Idan ɗakin ya fi haka zafi a ɗaga duka matakan daidai da bambancin, domin lagireto ba ya iya sauke ruwa ƙasa da zafin iskar da ke shiga shi. A duba iyakar zafin ruwa da mai ƙera famfo ya gindaya, wadda sau da yawa digiri 60 ce, a tsaya nesa da ita. Inda babu ma'aunin ruwa, a shimfiɗa layin saitin gudun fanka ya zama kwance har furosesa ta kai wajen digiri 70, sannan a sa jinkirin daƙiƙoƙi kafin fanka ta amsa. BIOS da yawa suna da wannan jinkiri, manhajar Fan Control ma tana iya bin matsakaicin zafi na wani lokaci.

Ɗauri

Fanka tana iya zama a gaban lagireto tana turi, ko a bayansa tana zuƙa. Bambancin sanyi tsakaninsu ƙanƙane ne, kada a ɓata lokaci a kansa. Amfanin zuƙa shi ne ƙura tana taruwa a buɗaɗɗiyar fuskar lagireto inda ake iya share ta ba a kwance komai ba. Illarta kuma wasu fankoki suna ƙara sauti idan shinge yana dab da bakin shigarsu. Sa fanka gaba da baya a lokaci ɗaya yana da amfani sosai a lagireto mai milimita 45 ko 60, a siriri kuwa ribar ba ta kai kuɗin da wurin da ya ci ba. Don sanin inda iska ke fita, a duba kibiya a gefen firam. Idan babu, gefen da sandunan da ke riƙe injin fankar suke, nan ne mafita, sai fa a fankokin da aka juya fuka-fukansu da gangan don ado.

Sukuru shi ne wurin da ake yin ɓarna mai tsada. Fanka mai milimita 25 yawanci sukuru mai 30 take so, ɗan abin da ya rage ya shiga bakin lagireto. Idan ya fi haka tsawo yana iya murƙushe ganyaye ko ya huda bututun ruwa da ke ƙarƙashin ramin, kuma yoyon ba lallai ya bayyana ranar ba. Gajerun sukurun da ake ɗaure lagireto da bangon akwati ba a musanya su da dogaye. Zaren ma ya bambanta, akwai M3, akwai M4, akwai 6-32, wanda aka tilasta a ramin da ba nasa ba yana cinye zaren. Wanda ya koma fanka mai milimita 30 sai ya nemi sukuru mai ƙarin milimita biyar. A ɗaura a gicciye, kusurwa da kishiyarta, a tsaya da zarar ya kama. Matsewa da yawa tana murɗa firam, a fanka mai rata rabin milimita kuma wannan ya isa ya sa fiffike ya fara goga.

Abin da ke gaban bakin shigar iska yana canza sautin fanka fiye da yadda ake zato. Gilashi ko rufaffen murfi a tazarar santimita ɗaya yana shaƙe ta, ya tura ta cikin lotsattsen wurin nan na layinta. Ƙarfe mai ƙananan huji dab da fuka-fukai yana sa kowane fiffike ya riƙa sarar iska mai hautsini, sai fito ya tashi. Ɗan zobe mai kaurin milimita 5 zuwa 10 tsakanin fanka da ƙarfen yana rage wannan sosai. Irin wannan zobe tsakanin fanka da lagireto ma yana da nasa amfani, yana ba iska damar bazuwa zuwa bayan cibiyar fanka, wurin da ba ya samun iska idan an manne su. Gwaji mai sauƙi: a cire murfin gaba na akwati ana cikin aiki mai nauyi. Idan zafin ruwa ya faɗi da digiri uku ko huɗu, akwatin ne matsalar, sabuwar fanka ba za ta gyara ba.

Lagireton da ke shan iskar waje yana ba da ruwa mafi sanyi, amma yana ɗumama cikin akwati, katin hoto mai sanyaya da iska ya ɗanɗana. Wanda ke rufi yana fitar da iska kuma yana shan zafin katin. Idan katin hoto ne babban mai zafi kuma ba ya cikin zagayen ruwa, rufi ya fi. Idan duka biyun suna kan ruwa, a ba kowane lagireto iskar waje gwargwadon hali, a bar wa zafi mafita.

Kafin a ɗora wa fanka laifin ƙara, a tsayar da fankoki na 'yan daƙiƙoƙi ta manhaja a saurara. Idan ƙugi ya ci gaba, famfo ne ko jijjigarsa a jikin akwati. Idan ƙululu ne kamar ana zuba ruwa, iska ce ta shiga famfo, kuma hakan na faruwa idan famfon ne mafi tsayi a zagayen. Wani sashe na lagireto ya kamata ya fi shi tsayi don kumfa ta taru a can.

Bayan an gama ɗauri, a nemo gudun da ya dace da wannan na'ura ta musamman. A rubuta zafin ɗaki, a ɗora aiki mai nauyi iri ɗaya, a kafe fankoki a juyi 800 na minti 20 zuwa 30 har zafin ruwa ya daina hawa, a rubuta tazararsa da zafin ɗaki. A maimaita a 1000, 1200 da 1500. Za a ga wurin da ƙarin juyi 300 ba ya sayo fiye da digiri ɗaya, nan ne rufin saitin yau da kullum. Tazarar digiri 10 tsakanin ruwa da ɗaki a cikakken aiki alama ce ta wadataccen lagireto, 15 ma ba laifi ga mai fifita shiru. Sannan a kashe aikin, a riƙa ɗaga gudu kashi biyar-biyar ana sauraro daga inda ake zama, a rubuta duk zangon da ƙugi ya fito, a gyara layin ya tsallake shi. A ajiye waɗannan lambobi. Idan bayan watanni tazarar ta ƙaru da digiri biyu ko uku a gudu ɗaya da aiki ɗaya, ƙura ta toshe saƙar. A kashe kwamfuta, a riƙe fuka-fukai da yatsa kada su yi ta juyawa, a hura iska ta kishiyar hanyar da ta saba bi.